Kile Ya Tahi Kiwo

Dakoro, 4 ga Agusta

Zuwa ga Injiniyar gidanmu, a Yamai.

Bayan sallama, ina gaida ki gaisuwar da ba ki cancanta ba. Mu nan lahiya lau. Ƙafar innarki ta yi sauƙi, har ta koma yi mani faɗa a tsaye. Ruwa ya samu, hatsi ya wuce gwiwa. Ni ma lahiyata lau, in ban da kunnena na dama da yake ƙara tun shekaranjiya da kika kashe mani waya a cikinshi.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Da kika kashe wayar nan, na rantse gaban innarki ba ni ƙara kiranki, ba ni kuma ɗaukar kiranki, sai an gano mai taguwar da zan ba ki labari. Da na huce na je wurin liman, ya ce rantsuwar ta ci waya amma ba ta ci bik da takarda ba. Shi ya sa nake rubutawa, innarki ta ɗauki hoto da wayarta ta turo maki. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu lakwal ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, muka rabu ba wanda ya yi kuka.

Tunda ba ki bari na kai ƙarshe ba, ga yadda aka yi. Direktan radiyo ya kira wani mai gyara daga Maradi, Sharfaddeen, ya duba injin watsa shiri. Mutum ne babba, da jaka da tabarau. Ya ga ordinatar ɗina, kwamfutar da nake aiki da ita, tana jan ƙafa wajen tashi, ya ce sistem ɗin ya tsufa, a formate ta, wato a goge komi, a sa sabon Linuks, irin na da ne amma ƙaninshi. Na ce kayana fa? Ya ce duk zai kwashe ya mayar. Ya kuwa mayar, hotuna da sanarwa da wa'azi, har hotona da na hito kamar an kama ni da akuyar wani. Yanzu ordinatar tana tashi kafin in gama zama.

Sai na buɗe baƙar tagar nan da kika koya mani, na rubuta cigiya kamar kullum, don in sa alamar dabba ta hiddo mani sunan mai ita da rijiyarshi da lambar wayar wani nashi. Ta ce: commande introuvable, wai ba ta san wannan umarnin ba. Na sa tabarau na sake. Na rubuta da babban baƙi, na rubuta da ƙarami, na yi bisimilla. Introuvable. Shekara goma sha tara ina cigiyar dabbobin mutane a radiyon garin nan, yau cigiyar ce da kanta ta ɓace.

Sharfaddeen ya ture ni ya zauna. Ya rubuta apt install cigiya, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Ya wuni yana nema a intanet har rezo ya gaji. Ƙarshe ya ce duk duniya babu wannan abu, ko dai na manta sunan, ko kuma birus ne, cutar nan ta ordinatar. Na ce mashi birus ɗin tana Yamai tana karatu.

To ga abin da ya hana ni cin tuwo. An kama wata taguwa fara tana ɓarna a gonakin Birnin Lalle, an kai ta furiyar, turken da ake ɗaure dabbar da ba a san mai ita ba. An ce ran ashirin da bakwai ga wata, in mai ita bai zo ba, za a yi gwanjonta. Na je na gan ta. Wuta uku ce a wuyanta hannun dama kamar ƙafar zabo, kunnen hagu a tsage. Na san alamar nan. Bara waccan wata tsohuwa ta zo radiyo a ƙafa, ta ce ita kaɗai ce mijinta ya bar mata, kuma ta ɓace. Na riƙe gemuna na ce mata in dai taguwar tana bisa ƙasa zan nemo ta. Ina ganin huskar tsohuwar kamar yanzu, amma sunanta da garinta sun bi ruwa. Na yi sanarwa sau shida, ba wanda ya zo. Kin san radiyonmu, in ya wuce Kornaka sai ya koma tari.

Sunanta yana cikin abinki. Ina kika ɓoye shi? Wane irin aiki ne wannan, ki yi ma ubanki kaya ki binne inda ko mai diplom bai gani?

Ubanki, wanda aka kashe ma waya,
Mamani Mai Cigiya


Yamai, 5 ga Agusta

Baba,

Ina wuni. Na ji daɗi ƙafar Inna ta yi sauƙi. A gaishe ta, a kuma ce mata ta riƙe wayar da kyau, rabin takardarka babban yatsanta ne.

Na kashe waya don kar in faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa ma uba. 

Baba, ba a saye cigiya a kasuwa, ba a kuma sauke ta daga intanet. Ni na rubuta ta. Wata uku na hutun bakansi na zauna a ɗakin nan mai zahi ina kwahe kaye goma sha ɗaya na rubutunka, alama bayan alama, wasu shafukan gara ta riga ni karantawa. Na sa mata suna cigiya don kar ka wahala da haddar Faransanci. Ita da rajistar alamun duka suna zaune a wani dosiye mai ɗigo a gaban sunanshi. Irin waɗannan dosiyen ba su hitowa a ekran, allon ordinatar, sai an ce su hito. Ba ɓoye maka na yi ba, nan ne mazauninsu. Mutuminka mai jaka ya kwashe abin da idonshi ya gani, ya share sauran. Tambaya ɗaya da ya yi, ko kira ɗaya da ka yi mani kafin, da ba mu nan.

Na manna takarda a jikin ordinatar da hannuna: kar a formate sai an kira Raliya. Ina takardar? Ko don shi namiji ne mai tabarau, ni kuma yarinyar da ka goya?

Rubutun komand ɗin zan iya sake shi a wuni ɗaya. Rajistar ce ba ni da ita, tawa ta tahi da tsohuwar ordinatar ɗina da ta ƙone bara. Kayen kuma ka ce mani gara ta ƙarasa su. Saura wuri ɗaya. Ranar da zan taho na ba ka kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma ordinatar, ƙarami baƙi, na ce komi yana ciki, ka adana shi da kyau. Ka ɗauko shi. Kar ka sa shi a komi, kar ka taɓa komi, kar ka ba kowa, wannan ba abin da za ka gane ba ne kai kaɗai. Ka gaya mani in yana hannunka, sai in rubuto abin da za a yi.

Raliya


Dakoro, 7 ga Agusta

Zuwa ga Madam Injiniya, mai gane abin da ba mu ganewa.

Muna lahiya. Innarki ta ce yatsanta ne ya yi maki tarbiyya, ki bar shi ya hito a hoto.

"Ba abin da za ka gane ba ne." Na karanta layin nan sau tara. Na kai ma innarki ta ce ba haka kike nuhi ba, na ce ke da ba ki iya karatu ba ina kika san nuhinta? Ni da nake gane raƙumin Bermo da na Mai Yara daga tahiyarsu kaɗai! Ni na koya maki ƙirga da kashin awaki. Takardar da kika manna kuwa tana nan, ban yar ba. Na juya bayanta na rubuta lambar Sharfaddeen.

Kile kuma, ki kwantar da hankalinki, na adana shi adanar da ba a koya maku a jami'a ba. Abu kamar ƙwayar dabino, a gidan da ke da kaji da innarki mai shara, kwana nawa zai yi? Tun satin da kika tahi na naɗe shi a leda na kai ma baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, ya sa mashi igiya, na rataye a ƙusa bisa gadona. Shekara biyu ko ƙuda bai sauka a kai ba.

Da na ga kin ce kar in taɓa, sai na ce wallahi sai na taɓa. Jiya da hantsi na sa babbar riga, na ɗauko shi, na tahi radiyo. Na kira direkta, na kira Sharfaddeen da ya dawo ƙarasa aikin injin, na ce ku zo ku ga yadda mutanen da suke ajiya. Na hiddo reza na farke ɗinkin a hankali, ina yi ina yi masu lacca. Na buɗe.

Takarda ce. An ninke ta takwas, da rubutun malam da tawada, da hatimi a tsakiya.

Sharfaddeen ya ce, "Malam Mamani, wannan wace ƙohwa ake sa shi a jikin ordinatar?" Direkta ya hita waje, ina jin shi yana dariya, yana riƙe bango.

Sai da na zauna na tuna. Kin san jar saniyar nan tamu da nake ce ma Direktris, don tana gaban garke kuma ba ta aikin komi. Sau biyu tana ɓari. Shekarar da kika ba ni kile na karɓo mata laya, baduku ɗaya ya ɗinke su, fata ɗaya, sati ɗaya, ƙusa ɗaya. Ban ɗaura mata ba sai bana da ta ɗauki ciki. Ranar da ƙanena, babanki Zakiru, zai kora shanu arewa don a ba gonaki wuri, ni da hannuna na ciro ɗaya daga ƙusa, na tofa addu'a, na ɗaura mata a wuya.

Wato dai aikinki na wata uku yana can wajen Gadabeji yana cin ciyawa. Ni kuma shekara biyu... a'a, wata biyu ina kwana ƙarƙashin maganin ɓarin saniya. Innarki ta ce shi ya sa tumbina bai zube ba.

Na kira Zakiru sau ashirin, wayarshi ba ta shiga. Kin san shi, sai ya ga dama yake hawa tudu neman rezo. Ba wanda ya san rijiyar da ya sauka. Saura kwana ashirin.

Amma ki sani laihin nan raba shi za mu yi. Da kin ba ni abu mai girman mutunci, kamar kaset, da ban ɗinke shi ba. Yanzu sai ki faɗi abin da za a yi, tunda ke ce mai ganewa.

Ubanki,
Mamani


Dakoro, 14 ga Agusta

Zuwa ga wadda ta yi shiru.

Muna lahiya, in kina son sani.

Kwana bakwai. Innarki ta nuna mani alamar nan biyu shuɗɗa, ta ce ma'anarsu kin gani. Kin gani kin yi shiru. Ko dariya kike har yanzu ba ki gama ba? In dariya ce ki turo mani kaɗan, nan ta ƙare mani.

Na hau moto na je kasuwar Sakabal ina tambayar makiyaya ko sun ga Zakiru, ban faɗi dalili ba. Wani ya ce gabas, wani ya ce yamma, wani ya ce in ba shi goro ya tuna. Na dawo da ciwon baya. Na sake zuwa furiyar. Taguwar ta rame, ta daina kallon mutane. Dillalai biyu sun riga sun fara zagaya ta suna duba haƙora, ɗaya mahauci ne. Na ce mashi ya ɗauke hannunshi, ya ce, "Mai Cigiya, ai kai ba ka mantuwa, faɗi mai ita mana." Duk wurin aka juyo ana jira. Na ce ina azumin magana.

Saura kwana goma sha uku. In kin yanke ni ne ki faɗa, in san ɗiya nawa suka rage mani. In kuwa don tsohuwar nan ce, ita ba ta yi maki komi ba.

Mamani


Yamai, 16 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Ban yanke ka ba, ban kuma yi dariya ba. To, na yi, amma kwana ɗaya kawai.

Na kwanta masassara kwana huɗu, an sa mani ruwa a likita. Inna ta sani, ni na roƙe ta kar ta gaya maka, don na san za ka karya rantsuwa ka hau mota, ka zo ka yi mani faɗa a gadon likita. Na warke. Layin da ya ɓata maka rai kuma, ka sake dubawa, na ce "kai kaɗai". Ko ni ba ni yin irin wannan aiki ba tare da na duba littahi ba. Amma ka tsaya inda hushi ya yi maka daɗi.

Yanzu ka ji nawa hushin, tunda takarda ce ba waya ba. Ka je Sakabal kana tambaya "ban faɗi dalili ba". Domi? Kana da mikro. Shekara goma sha tara duk wanda akuyarshi ta ɓace kai kake ce mashi ya zo ya faɗa ma duniya, ba kunya a cigiya. Yau naka ya ɓace kana raɗa a kasuwa. Na san dalili, Baba. In ka faɗi abin da ke wuyan Direktris, sai ka faɗi abin da ke cikinshi. Mutane kuwa sun ɗauka duk alamun nan a kanka suke. Na gan ka da idona, makiyayi yana bayani kana juya ekran wajen bango, kana rufe ido kamar mai tunani, yatsanka yana aiki ƙarƙashin tebur. Su ce kai, Mamani aljani ne. Ka yi murmushi.

Ban taɓa cewa komi ba. Ba ka kiran sunana don ni ce ta fari, na sani, al'ada ce, ban ƙi ba. Amma kunyar ɗiyar fari ta zame maka rumhwa. Shekara biyu ko "wata yarinya ta taimaka mani" ba ka taɓa cewa ba. Da mutane sun san akwai abu a cikin ordinatar nan, da direkta da kanshi ya hana a formate ta.

Ka yi cigiyar kile a radiyo, da dalilinta duka. Ko ka bar mahauci ya gama duba haƙora. Ni na gama nawa.

Raliya


Dakoro, 22 ga Agusta

Zuwa ga marar lahiyar da ba ta faɗa.

Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Innarki kuma na yi mata kwana biyu ba magana, ba ta ma lura ba. Ki riƙa shiga gidan sauro, na san ki.

Takardarki ta ƙona ni. Na ninke ta na sa ƙarƙashin tabarma, na zauna a kanta don ta ji nauyina. Wace ɗiya ce take leƙen yatsan ubanta ƙarƙashin tebur? Kwana ɗaya cur ina shirya amsar da za ta sa ki kuka. Na rubuta shahi biyu. Da na karanta sai na ga duk zagi ne, babu inda na ce ƙarya kike.

Ran goma sha takwas na shiga shiri. Na karanta cigiyar jaki ɗaya da tumaki uku, sannan na ce, jama'a, saura cigiya ɗaya, mai ita yana nan zaune, wawa ne, kun san shi. Na faɗi komi. Baduku, ƙusa, reza, maganin ɓari. Na ce kan nan da kuke yabo ƙwarya ce, ilimin yana cikin wani abu kamar ƙwayar dabino, wata yarinya ta gidanmu ta zuba shi, ni kuma na ɗaura ma saniya. Duk wanda ya ga Zakiru ƙanena, ko jar saniya mai tahiya kamar ta ci zaɓe, ya ce a kwance mata laya a kawo. Na sake faɗin alamar taguwar. Mai riƙe da injin sauti ya kashe mikro ɗinshi ya kwanta a ƙasa don dariya.

Ki ji ikon Allah. Sanarwar taguwa sau shida ba ta wuce Kornaka ba. Labarin wautata kwana uku ya kai inda radiyo bai taɓa zuwa ba. Daga rijiya zuwa rijiya, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, har an ƙara mashi gishiri, wai saniyar ta fara Faransanci. Taguwar kuwa sun yar da ita a hanya, dariyar kawai suka ɗauka.

Jiya Zakiru ya hau tudu ya kira innarki. Minti biyu na farko dariya kawai yake. Ya ce tun shekaranjiya mutane ke zuwa kallon Direktris, wani Bafillace ya roƙi a bar shi ya kara kunne a wuyanta. Ta haihu lahiya, ɗan maraƙi namiji, don haka Zakiru ya ce kile ɗinki yana aiki, ko za ki ƙaro biyu.

Yau da azahar mai moto ya kawo shi. Na farke, ba lacca wannan karon. Yana ciki, a ledarshi, yana warin saniya, da ɗan danshi a baki. Ban sa shi a komi ba. Ban taɓa komi ba. Yana bisa faranti na kihe shi da ƙwarya, na zauna ina gadi. Sharfaddeen ya ce a ba shi ya gwada, na ce ya gwada hanyar Maradi.

Saura kwana biyar. Yi magana, Injiniya.

Ubanki, ƙwarya,
Mamani


Yamai, 22 ga Agusta

Baba,

Inna ta turo mani shirin, wani ya ɗauka a waya. Na saurara sau uku. "Wata yarinya ta gidanmu." To. An fara.

Kar ka sa shi yau. Ka binne shi cikin busasshen hatsi a kwano, ka rufe, kwana biyu. Na san kwanakin sun matse, amma in ka sa shi da danshi ya mutu, shi ke nan har abada.

Ran ashirin da huɗu ka sa shi. Za ka ga dosiye mai suna BABA. A bayan takardar nan na rubuta layi uku da manyan baƙaƙe. Na farko yana kwahe cigiya da rajistarta zuwa mazauninsu. Na biyu, mai chmod, yana ba ta izinin aiki. In ka tsallake shi za ta ce permission non accordée, kar ka ce ni na kulle ka. Na uku yana nuna ma ordinatar hanyar da za ta bi ta same ta. Ka kwahe su yadda suke, har ɗigo, har wurin da babu komi tsakanin kalmomi. Sannan ka rufe baƙar tagar ka sake buɗewa.

Kar ka ƙara komi naka. Bisimilla a baki, ba a ekran ba.

Raliya


Dakoro, 27 ga Agusta

Muna lahiya, mu da taguwa.

Na tsallake layi na biyu. Ba da gangan ba, yatsan innarki ne ya rufe shi a... a'a, wannan hoton ke kika ɗauka. To ni ne. Ta ce permission non accordée, na yi hushi na minti goma, na tuna kin riga kin hana ni wannan hushin, na koma na rubuta. Na rufe taga na buɗe. Na rubuta cigiya zabo wuya. Direkta yana bayana, ekran kuwa yana kallon kowa, ban juya shi ba.

Layi ɗaya ta hiddo. Aisata, matar marigayi Sa'adu, wata rijiya gabas da Mai Yara, da lambar ɗan ƙanwarta. Ashe ta bar can tun bara, ta koma wajen dangi kusa da iyakar Najeriya, shi ya sa ba ta ji mu ba. Lambar ta shiga a kira na huɗu. Jiya da la'asar ta iso a bayan moto, da takardar maigarinsu da shaidu biyu. Yau da sahe, ranar gwanjon, mahauci yana tsaye da igiyarshi, tsohuwar ta tsaya daga bakin furiyar ta yi wani kira da ban iya rubuta shi ba. Taguwar da ta yi sati uku ba ta kalli kowa ba ta miƙe har sai da turken ya motsa. Ba wanda ya ƙara tambayar takarda.

Na kawo ta radiyo ta yi godiya a shiri. Ta fara yi mani addu'a, na ce Inna Aisata, ba ni ba ne, wata yarinya ce ta gidanmu. Ta ce wace yarinya? Na ce ta wajena, babbar. Ta ce sunanta. Na ce ai ta fari ce, kin san al'ada. Ta ce, "Mamani, ni tsohuwa ce, ba ni aika addu'a ba suna, ta je ta sauka gidan wani. Kai da ka ɗaura ma saniya ilimi, kar ka sa in ɗaura ma ɗiyar wani addu'a. Faɗi."

Mikro a buɗe. Duk Dakoro tana ji, har inda Kornaka take tari. Shekara ashirin da huɗu ban faɗi sunan nan ba, ko ranar da aka raɗa shi liman ne ya faɗa, ni ina kallon takalmina. Na buɗe baki sunan ya hito kamar an ja guga mai tsatsa. Ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Na sake. Ta ce in ƙara da na uba. Ina zargin kunnenta lahiya lau yake.

Innarki ta ce tana tsakar gida ta ji, ta ja zane ta rufe huska, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Har yanzu ba ta kalle ni ba.

Na kwahe komi a kile biyu yadda kika taɓa cewa. Ɗaya yana buron direkta. Ɗaya yana ƙusa, tsirara, ba fata. Na manna sabuwar takarda a jikin ordinatar, da rubutuna, bayanta kuma na cika shi da zane don kar in samu wurin rubuta lambar kowa.

Rantsuwa ta hita, an gano mai taguwa. Wayata tana caji. Amma ni ba ni fara kira, ke kika kashe, ke za ki kunna. Ina nan zaune kusa da ita, ba don ina jira ba, wurin ne ke da inuwa.

Ki kira, Raliya.

Ubanki,
Mamani